Fuskar kakata tana dagulewa duk lokacin da na zana ta da fentin ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Daura, kuma idan an yi hutu nakan yi zane da fentin ruwa don sha'awa, ban taɓa koyonsa a makaranta ba. Furanni da tukwane suna yi mini kyau, amma duk lokacin da na zauna zana fuskar kakata daga hoton waya, sai launin fatar ya dagule ya yi dishi-dishi, takardar ta yamutse, fentin kuma ya bushe tun ban gama shafa kunci ɗaya ba. Waɗanda na nuna wa sun ce bai yi kama da ita ba. Yanzu ko buɗe akwatin fentin ba na marmari. Shin baiwar ce ba ni da ita, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa kaka lafiya da nisan kwana. Duk wanda furanni da tukwane suka yi masa kyau yana da ido kuma yana da hannu, saboda haka ki ajiye maganar rashin baiwa a gefe. Abubuwan da kika lissafa kowanne yana da sanadinsa a takarda, da ruwa, da yanayin garinmu, kuma dukansu ana gyara su.

Ya kamata ki fara sanin abin da ke cikin akwatin nan naki. Fentin ruwa garin launi ne mai laushi da aka kwaɓa da ƙaro, irin ƙaron dakwara da almajirai suke zubawa a tawada domin ta kama allo. Shi kuwa ƙaro ko ya bushe, da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya sake narkewa. A nan ne dagulewar take farawa: idan kika shafa launi, bai gama bushewa ba kika komo da burushi kina gyara shi, to kina tayar da na ƙasa ne yana cakuɗa da na sama, kuma idan launi huɗu ko biyar suka haɗu a wuri guda ta wannan hanya, abin da zai fito ruwan toka ne mai datti. Ƙari a kan haka, wannan fenti ba ya rufe takarda. Haske yana ratsa shi ya sauka kan farar takardar ya dawo wa ido, kuma daga nan ƙyallinsa yake. Saboda haka farin fenti da baƙin fenti da ke cikin akwatin, waɗanda na tabbata su kike ɗiba idan kina son haskaka goshi ko duhunta inuwa, su ne suka fi kashe fuska. Farin yana mayar da fata kamar an barbaɗa mata alli, baƙin kuma yana ɗauke mata rai. Ki bar su duka biyu a inda suke. Inda kike son haske ki bar takardar ko ki tsarma launin da ruwa, inda kike son duhu ki haɗa shi da kanki.

Batun yamutsewar takarda ba shi da tsawo. Takardar ofis nauyinta giram 70 ko 80 ne a kowace murabba'in mita, ba a yi ta don ruwa ba. Ta fentin ruwa wadda ta dace ita ce mai giram 300, za ki ga an rubuta 300gsm a jikinta, kuma wadda aka yi da auduga ta fi wadda aka yi da niƙaƙƙen itace jure wanki da maimaita shafi. Arches ta Faransa da Fabriano ta Italiya suna cikin sanannu, amma suna da tsada, don haka idan kin samu falle ɗaya ki yanka shi gida takwas. Ki manne gefunan huɗu a kan katako da salatif na takarda kafin ki fara, kuma kada ki ɓamɓare sai aikin ya bushe ƙayau. Idan kuɗin hannunki na abu ɗaya ne, takarda za ki saya kafin sabon fenti, domin fenti mai araha a kan takarda mai kyau ya fi fenti mai tsada a kan takardar da ba ta riƙe ruwa.

Yanzu sai launin fata, wanda shi ne zuciyar tambayarki. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su kwaɓa ruwan ƙasa guda ɗaya mai kauri, su ce wannan shi ne launin mutumin, su shafe fuskar da shi gaba ɗaya. Idan kika zauna kusa da kaka da hantsi a bakin ƙofar ɗaki kika dube ta da kyau, za ki ga ba launi ɗaya ba ne a fuskarta. Kan goshi da karan hanci da saman kumatu suna ɗaukar hasken sama, har su yi shuɗi-shuɗi ko shunayya mai sanyi. Kumatun da gefen hanci da leɓen ƙasa suna da ja a ɓoye. Ƙarƙashin haɓa yana karɓar launin mayafin da ta yafa, idan kore ne sai ki ga kore ya ɗan hau wurin. Baƙar fata da wankan tarwaɗa sun fi farar fata nuna wannan bambanci, kuma shi ya sa zana su da fentin ruwa yake da daɗi ga wanda ya iya jira.

Hanyar ita ce ta marina. Mai rini ba ya samun shuɗi mai duhu da tsomi ɗaya. Yana tsoma zane a baba, ya fitar ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa, har launin ya kai inda yake so. Haka za ki gina fuskar. Launi huɗu sun ishe ki, kuma zan faɗi sunayensu yadda ake rubuta su a jikin fentin domin ki gane su a shago: Yellow Ochre, rawaya mai kama da ƙasa, Burnt Sienna, ruwan ƙasa mai ja, Ultramarine, shuɗi irin na bula, sai ja guda ɗaya mai sanyi, wato wanda ya ɗan karkata zuwa shunayya. Shafin farko ki haɗa rawayar da ɗigon ja, ki tsarma su sosai, ki bi fuskar da wuya da kunne a tafi ɗaya, kina tsallake ƴan wuraren da haske ya fi bugawa. Sai ki ajiye burushi ki jira. Idan kika ɗora bayan hannunki a kan takardar kika ji sanyi, to da sauran ruwa a cikinta ko da ido ya ga kamar ta bushe. Shafi na biyu da ruwan ƙasa mai ja ne, a ko'ina ban da wuraren haske, kuma kafin gefensa ya bushe ki bi shi da wani burushi mai tsabta mai ɗanshi domin ya narke cikin na farko. Na uku shi ne na inuwa, ruwan ƙasar da shuɗin a haɗe, a ramin ido, da ƙarƙashin hanci, da ƙarƙashin leɓe, da gefen fuskar da ya juya wa haske baya. Waɗannan launuka biyu idan kika rage musu ruwa suna ba da duhu mai zurfi da ya ishi ƙwayar ido da gira. Kowane shafi sau ɗaya burushi zai wuce, kada ki koma. Ki kuma tuna cewa fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe, saboda haka inuwar da ta ba ki tsoro tana jiƙe, sau da yawa ita ce daidai. Farin ido ma kada ki bar shi fari fat, ki ɗan shafa masa toka mai haske, musamman ga tsohuwa, sai ɗigon haske ɗaya tak a kan ƙwayar.

Saurin bushewa kuwa aikin hunturu ne. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar Daura da Katsina ba ta da ɗanshi, kuma masu koyarwa da kike gani a bidiyo yawanci a ƙasashe masu laima suke, inda takarda ke daɗewa a jiƙe. Ki yi aiki da sassafe, ki kashe fanka, ki rufe taga saboda ƙura. Ki kwaɓa launi mai yawa a faranti tun kafin ki taɓa takarda, domin tsayawa kwaɓi a tsakiyar kunci shi ke barin layi mai kaifi. Ki riƙe burushi babba mai zagayen baki, lamba 10 ko 12, wanda ke ɗaukar ruwa da yawa, ki ɗan jingine katakon ta yadda ruwan zai taru a ƙasan shafin kina janyo shi. Jiƙa bayan takardar kafin a fara yana ƙara miki lokaci sosai. Wasu kamfanoni, kamar Sennelier, suna sa zuma a cikin fentinsu domin ya riƙe ɗanshi, kuma ke ma kina iya sa ɗigo ɗaya a kofin ruwan kwaɓi, sai dai idan ta yi yawa aikin zai yi danƙo ya kira tururuwa. Da damina lamarin juyawa yake yi, jiran ne zai yi tsawo. Kofin ruwa biyu za ki ajiye a kowane lokaci, ɗaya na wanke burushi, ɗaya na kwaɓi.

Maganar cewa bai yi kama da ita ba, fenti ba shi da laifi a nan. Kama tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin fuska da kuma siffar inuwa, tun a matakin fensir. A galibin manya idanu suna tsakiyar kai ne idan an auna daga tsakar ka zuwa haɓa, tsakanin ido da ido kimanin faɗin ido ɗaya ne, kuma kunne yana tsakanin layin gira da ƙarshen hanci. Amfanin sanin wannan ma'auni shi ne ki gane inda kaka ta saɓa masa, domin a wurin saɓanin ne kamanninta suke. Hoton da kike kwaikwaya ma yana iya cutar ki: wayar da aka kawo kusa da fuska tana ƙara girman hanci ta rage kunnuwa, hasken filasha kuma yana share inuwa gaba ɗaya. Ki ja da baya kamar taku uku, ki zaunar da ita inda haske ke shigowa ta gefe guda, sannan ki mayar da hoton baƙi da fari a wayar domin ki ga ainihin wuraren duhu da na haske. Idan tana da tsage a kumatu, ko kwalli, ko tamoji, ki bar su sai ƙarshe, kuma ki sa su da sauƙin hannu. Masu koyo suna gaggawar zana tamoji ɗaya bayan ɗaya, sai su ƙara wa mutum shekara ashirin.

Saura abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato akwatin da kika daina buɗewa. A ganina kin ɗora wa kanki kaya biyu a lokaci guda. Kin zaɓi abu mafi wuya a zane, fuskar mutum, kuma kin zaɓi fuskar da kowa a gidanku ya haddace, wadda kuma kike ƙauna har ba za ki iya yafe wa kanki kuskure a kanta ba. Ki ɗan jinkirta babban hoton. Ki yanka ƙananan takardu kamar tafin hannu, ki riƙa yin ɗaya a zama guda da launi ɗaya kawai, ruwan ƙasar nan mai ja, yau ido, gobe hanci da baki, jibi hannunta riƙe da carbi. Ki rubuta kwanan wata a bayan kowacce ki tara su a ambulan, kada ki nuna wa kowa tukuna. Bayan wata biyu ki baje su a tabarma ki jera ta farko kusa da ta ƙarshe. Marmarin aiki yakan biyo bayan ganin ci gaba ne, kuma wanda ke jiran sai marmarin ya zo kafin ya ɗauki burushi yakan daɗe yana jira.

Rashin makarantar zane kada ya karya miki gwiwa. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882 kuma ake ɗauka a matsayin jagoran zanen zamani a Nijeriya, da kansa ya koya ta hanyar kwaikwayon hotunan mujallu da littattafai, ya yi suna da zanen fuskoki a Legas kafin ya tafi karatu Landan a 1920, yana dab da shekara arba'in. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kiransu shi ne a ɗauki dabarar waje a zuba mata abin gida. Ke kuwa abin gida ya kewaye ki: rijiyar Kusugu, da ƙofar fadar Sarkin Daura, da dagi a jikin bango, da adon dawakai ranar hawan Salla, da zayyanar allo wadda ita ma da ruwa da ƙaro ake yinta. Ranar da fuska ta gajiyar da ke, ki zana ɗaya daga cikinsu, domin inuwar da kika koya a jikin katangar ƙasa ita ce za ki tarar a kunci. Wannan ma mafita ce idan zuciyarki tana ɗar-ɗar game da hukuncin zana mai rai, lamarin da malamai suka yi bayani mai faɗi a kansa, kuma malamin da kika amince da iliminsa shi ya dace ki tambaya. Haka nan kowace fuska za ki zana, musamman ta mace, ki nemi izinin mai ita kafin ki fara, ki sake nema kafin ki sa a waya.

Idan kin dawo kan hoton kaka, ki yi fuska uku a takardu daban a lokaci guda, kina shafa ɗaya sauran suna bushewa, ta yadda hannunki ba zai samu damar komawa kan jiƙaƙƙen wuri ba. Wadda ta fi kyau a cikinsu ki sa ta a firam mai gilashi, da kwali a tsakani domin kada takardar ta manne da gilashin, ki rataye ta a bangon da rana ba ta bugawa kai tsaye, saboda wasu launukan ja suna koɗewa idan suka daɗe a rana.