Tambaya da Amsa: Haddace tarihin Gandhi kaɗai zai fisshe ni a jarrabawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen tarihi, jarrabawa saura mako biyu, kuma malaminmu ya ce lallai za a yi tambaya kan gwagwarmayar Indiyawa da mulkin mallakar Ingila. Shekaru da sunaye sun cakuɗe mini, ko barcin kirki ba na yi. Wata ƙawata ta ce in haddace tarihin Gandhi kawai, tunda shi ya karɓo musu 'yanci cikin lumana. Hakan zai fisshe ni? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki 'yata, mako biyu ya isa. Ba zan koma kan Kamfanin East India da boren 1857 ba, kun yi su a aji. Shekarun da za ki riƙe ba su kai goma ba: kafa jam'iyyar Congress a Bombay a 1885, raba Bengal a 1905, kafa Muslim League a Dhaka a 1906, kisan Amritsar a 1919, ƙaurace wa gwamnati a 1920, tattakin gishiri a 1930, kiran Turawa su fice a 1942, sai 'yancin kai a watan Agustan 1947. Kowace ki san abin da ya jawo ta da abin da ta haifar.

Shawarar ƙawarki kuwa, kada ki ɗauka. Ita ce ke kayar da ɗalibai kowace shekara, kuma na san inda take fitowa: 'yan takardun nan masu shafi huɗu da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta, waɗanda masu haɗa su ba su taɓa zama sun karanta tarihin Indiya ba. Raina yana ɓaci in na buɗe takardar amsa na ga an rubuta cewa Gandhi ya yi azumi, Turawa suka ji tausayi suka tattara nasu ya nasu. Ba haka aka yi ba.

Gandhi babban mutum ne, ba mai musun wannan. Shi ya fitar da gwagwarmayar daga zauren lauyoyi ya kai ta ga manoma da masaƙa da mata. Amma sai 1915 ya dawo daga Afirka ta Kudu, lokacin Congress tana da kusan shekara 30, kuma ƙauracewar da aka yi wa kayan Ingila bayan raba Bengal ta riga ta sa Turawa sun soke rabon a 1911. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙauracewar 1920 ta yi ƙarfi ne domin Musulmi 'yan ƙungiyar Khilafat, ƙarƙashin Muhammad Ali da ɗan'uwansa Shaukat Ali, sun shigo da jama'arsu. Maulana Abul Kalam Azad shi ne shugaban Congress daga 1940 zuwa 1946. Ambedkar, jagoran mutanen da ake ƙyama saboda asalinsu, ya ja da Gandhi kansa a 1932 kan wakilcinsu. Ɗalibin da bai san waɗannan ba, rabin labarin ya kuɓuce masa.

Maganar lumana ita ta fi damuna. Ranar 13 ga Afrilu 1919, Janar Dyer ya sa aka buɗe wuta kan taron jama'a a filin Jallianwala Bagh da ke Amritsar, fili ne kewaye da gine-gine, ba hanyar gudu. Gwamnati ta ce mutum 379 suka mutu, Indiyawa suka ce sun fi haka nesa. A 1922 masu zanga-zanga suka ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura, 'yan sanda 22 suka mutu, abin da ya sa Gandhi ya dakatar da ƙauracewar. An rataye Bhagat Singh, matashin da ya ɗauki makami kan Turawa, a 1931. Subhas Chandra Bose ya jagoranci runduna da taimakon Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shari'ar da aka yi wa hafsoshinta a Delhi ta tayar da ƙasar, har sojojin ruwa suka yi tawaye a Bombay a Fabrairun 1946. Nan Turawa suka ga sojan Indiya da suke mulki da shi ya fara juya musu baya. Ga Ingila ta fito daga yaƙi da bashi ya yi mata katutu, ga gwamnatin Firayim Minista Attlee, wadda ta amince da ba Indiya 'yanci, ta hau a 1945. Ranar 'yancin ma da raba ƙasa ta zo: Jinnah, shugaban Muslim League, ya samu Pakistan, mutane wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu. Gandhi kansa harbe shi aka yi ranar 30 ga Janairu 1948. Haƙƙin waɗannan mamata ne a ambace su, kuma mai duba takardarki yana neman su a amsarki.

In aka tambayi tasirin abin a Afirka ta Yamma, ki kawo sojojinmu da suka bi ta Indiya zuwa fagen yaƙin Bama, da Nkrumah na Ghana wanda ya ɗauki salon yajin aiki da ƙauracewa a 1950.

Yau ki samo farar takarda, ki raba ta gida uku: abin da Congress da Gandhi suka yi, abin da sauran ƙungiyoyi suka yi, da abin da yaƙi ya yi wa Ingila. Ki zuba shekarun nan a ciki, ki rufe, ki sake rubutawa da ka. Daga nan ki nemi tambayoyin shekarun baya a sashenku, ki riƙa amsa ɗaya kullum cikin minti 40. Allah ya ba da sa'a.