Wa ya sassaƙa majami'un Lalibela?

Ka tambaya ko da gaske mala'iku ne suka sassaƙa majami'un Lalibela na ƙasar Habasha. A'a, mutane ne, da guduma da kurfi. Majami'u 11 ne, an fafe su cikin dutse daga sama zuwa ƙasa, ana danganta aikin ga Sarki Lalibela na gidan Zagwe, wajen shekarar 1200. Labarin gargajiya ne ke cewa mutane na aiki da rana, mala'iku su ɗora da dare.

Amma kar ka raina masu faɗar haka. Ranar da na tsaya bakin ramin Bete Giyorgis, ɗaya daga cikin majami'un, rufinsa mai siffar gicciye daidai da tafin ƙafata, jikina ya yi sanyi. Sai da na gangara na shafa bangon, yatsuna suka ji sawun ƙarfen masassaƙa.