Re: Da gaske murur ('yan sandan hanya na Saudiyya) sun fi tare baƙar fata a Jidda?

Ɗan uwa ka tambaya ko launin fata ne yasa ake yawan tsayar da kai a hanya, to gaskiya abin kashi biyu ne. Kyamarar Saher mai kama masu laifin tuƙi da suka kawo tun 2010 bata san baƙi ko fari ba, lambar mota take ɗauka, ka tsallake jar danja sai dai kaga saƙo a waya, riyal 3,000 ko fiye ko kai ɗan gari ne ko takari.

Inda zargin yake da ƙarfi shine shingen bincike, nan mutum ne yake zaɓan wanda zai ce wa faka, kuma da yawa cikinmu sun shaida ana barin wasu su wuce amma kai sai an nemi iqama (katin zama) da ruksa (lasisin tuƙi) da istimara (takardar rajistar mota), wallahi abin yana ciwo ba kaɗan ba. Ko a Amurka binciken ma'aikatar shari'a na 2015 akan garin Ferguson ya nuna baƙaƙe kashi 67 ne na mutanen garin amma kashi 85 na waɗanda ake tarewa.

Shawarata kar kai gardama a titi, takardunka su zama a hannu, in an rubuta ma tara bisa zalunci ka shigar da ƙorafi ta manhajar gwamnati Absher kafin kwana 30 su cika. Allah ya rufa asiri.