Yaya, za mu shiga kwale-kwalen roba a Jinja, ni kuma ban iya iyo ba

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni 'yar Kano ce, ina shekara ta biyu a wata jami'a a Kampala. 'Yan ajinmu sun yi karo-karo za a je garin Jinja, a nan ƙasar Uganda, bayan jarrabawa, a shiga kwale-kwalen robar nan da ake hura wa iska, a bi gangarar kogin Nilu. Na kalli bidiyo, na ga yadda yake kifewa da mutane. Raina yana so, amma ban iya iyo ba, ban kuma san yadda zan yi da hijabina ba. Har yanzu ban faɗa wa Umma ba, don tun hatsarin Bagwai ba ta ko son jin maganar jirgin ruwa. Me ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da Umma. Ki faɗa mata kafin ki biya ko sisi. Tsoronta ba na banza ba ne, duk wanda ya ji labarin yaran Islamiyyar da ruwa ya ci a Bagwai a ƙarshen 2021 ba zai manta ba. Amma ki yi mata bayanin bambancin. Abin da ya fi cinye mutane a ruwayenmu shi ne lodin da ya wuce kima da rashin rigar ceto. A Jinja kuwa mutum shida zuwa takwas ake sa wa a kwale-kwale ɗaya, kowa da rigarsa da hular kwano, ga jagora a baya, ga masu ceto a ƙananan jirage suna biye. In bayan duk wannan ta ce a'a, ki haƙura. Kogin yana nan.

To, ga maganar da na fi so ki riƙe. Kada ki tafi da fatan ba za ki faɗa ruwa ba. Ki tafi da shirin faɗawa. A wannan yanki na Nilu kifewa ba baƙon abu ba ne, shi ya sa tun kafin a kai gangara ta farko ake koya wa mutane yadda za su yi.

Na taɓa zuwa sau ɗaya. Daga Kampala tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, aka ɗauke mu da sassafe. Da aka raba riguna na ɗaura tawa yadda na ga ta yi mini daidai. Jagoranmu ya zo ya kama kafaɗun rigar ya fizga sama, sai ga ta har kunnuwana. Ya girgiza kai, ya bi maɗauran ɗaya bayan ɗaya yana ja, har sai da na ji numfashina yana fita da ƙyar. Ya ce haka ake so. Sai daga baya na gane dalili. Rigar da ba ta kama jiki ba, da kin shiga ruwa ita za ta taso ta bar ki a ƙasa, ta rufe miki fuska. Kuma da waɗannan kafaɗun ake kama mutum a jawo shi cikin jirgi. Saboda haka kada kunya ta sa ki sassauta ta, kada zafi ya sa ki kwance ta ko da a inda ruwa ya kwanta.

A inda ruwan ke da sanyin gudu jagoran ya sa muka dira ɗaya bayan ɗaya, sannan da gangan ya kifar da jirgin da mu. Kada ki noƙe a wannan gwajin, nan ne darasin yake. Kuma tun a bakin ruwa ki je ki gaya masa ba ki iya iyo ba, da bakinki, ba ta bakin ƙawa ba. Zai zaunar da ke kusa da shi, masu ceto kuma su sa miki ido. Rashin iya iyo ba ya hana tafiyar, ɓoye shi ne hatsari.

Da muka kife da gaske, abin da na tuna shi ne ƙara, sai fari fat ko'ina, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Jikina yana ce mini in yi ta harbe-harbe. Na tuna abin da aka ce, na dunƙule, na kama ƙirjin rigata da hannu biyu, na daina kokawa. Rigar ta ɗago ni. Na taso a ƙarƙashin jirgin da ya kife, inda akwai iska da za ka shaƙa, na shaƙa, na lallaba da hannu ta gefe guda har na fito. Ni a raina an daɗe, amma da na ga bidiyon da yamma, 'yan daƙiƙoƙi ne. Idan kin taso, kada ki buɗe baki nan take, don wata igiyar tana tafe. Ki shaƙi iska a tsakanin igiya da igiya, ki kau da fuska idan ta iso. Ki kwanta rigingine, ƙafafunki a sama suna fuskantar inda ruwan ya nufa.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: miƙewa tsaye a cikin ruwa mai gudu. Ko kin ji ƙafarki ta taɓa ƙasa, ki ɗage ta. Ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum rub da ciki, kuma a nan riga ba ta da abin da za ta yi masa. Sannan Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Kada ki ruƙunƙume ƙawarki, kada ki haye jikin mai ceto ki kifar da shi. Ki riƙe inda ya nuna miki a jikin jirginsa, shi ke nan.

Filafilin da za a ba ki yana da mariƙi a samansa. Tafin hannunki kada ya rabu da wannan mariƙin, domin shi ne yake fasa wa na kusa da ke leɓe ko haƙori idan jirgi ya yi tsalle. Da Turanci jagora zai riƙa ba da umarni, kuma ba su da yawa: a tuƙa gaba, a ja baya, a tsaya, a durƙusa cikin jirgi a riƙe igiya. In wata kalma ta shige miki duhu, ki tambaya tun ruwa yana kwance.

Gangarar ruwa matakai shida aka kasa ta. Na 1 yaro ma zai wuce, na 6 ba a shiga da fasinja. Na Jinja sukan kai mataki na 5. A Itanda, inda ruwan ya fi hauka, sauka ake yi a zaga saman wurin da ƙafa. Ga shawarata a matsayinki na sabuwar shiga wadda ba ta iya iyo ba: ki nemi tafiyar mataki na 3, ko ki tambaya tun wajen biyan kuɗi ko akwai babban jirgin rakiya da ke bin gefen da ya fi sauƙi, ki koma cikinsa a manyan gangara. Ba na son yadda samari kan yi ta ihu a bi tsakiya, mai jin tsoro ya yi shiru don kada a ce masa matsoraci. Ke kika biya kuɗinki, ki faɗi abin da za ki iya. Kuma kada ki dogara da tsofaffin bidiyo, domin dam ɗin Bujagali da aka kammala a 2012 da na Isimba a 2019 sun shanye wurare da dama da ake bi a da. Ki tambayi hanyar da ake bi yanzu.

Batun sutura. Dogon hijabi da abaya ki bar su a jaka, su za ki sa idan an fito. Yadi mai yalwa yana shan ruwa, yana naɗe ƙafa, yana rufe hanci. Ni ƙaramin hijabi na sa, mai kama fuska, marar fil ko allura, na cusa bakinsa cikin riga mai dogon hannu, na ɗora hular kwano a kai. A ƙasa dogon wando mai saurin bushewa, ban da jins. Wannan shigar ta kuma tsare ni daga rana, don waɗanda suka sa gajeren wando sai da gwiwoyinsu suka ƙone. Silifas ruwa zai tafi da shi. Zobe, 'yan kunne da waya a bar su a mota, tabarau kuma a ɗaure shi da zare. Ki tafi da sallayarki, ki tambayi lokacin da za a tsaya tun da safe don ki san yadda za ki yi da Azahar.

Za a ba ki takarda ki sa hannu cewa kin san akwai hatsari. Ki karanta ta. In kina da asma, farfaɗiya, ciwon zuciya ko sikila, ki ga likita kafin ranar, ki kuma rubuta gaskiya a takardar. Mai juna biyu ba ta shiga. Ki dubi kayan da idonki, in kin ga riga da tsinkakken maɗauri ki ce a canja miki, in kuma babu masu ceto a ƙananan jirage, ko aka ce a shiga ba tare da bayani ba, ki fasa.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa, bayan an dawo. Ruwan tafkin Victoria da na Nilu a wannan yanki yana ɗauke da tsargiya, musamman a gefe inda ruwa ke kwance da ciyayi. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, kuma tana iya yin makonni ba ta nuna alama ba. Bayan kamar wata biyu ki je asibiti ki ce kin shiga kogi a Jinja, a gwada ki. In kuwa zazzaɓi, ciwon ciki ko jini a fitsari ko bayan gida ya riga zuwa, kada ki jira wata biyun, kada kuma ki yanke wa kanki cewa maleriya ce ki sayi magani a kemis.