Amsa: Tsohon shirin 'yartsana na Kirsimeti mai gajerun mutane da zinariya

Ɗan'uwa, shirin da kake tambaya, mai gajerun mutane da wata tsohuwa mai kuka, ina kyautata zaton The Leprechauns' Christmas Gold ne. Kamfanin Rankin/Bass na Amurka ya fitar da shi a tashar ABC a watan Disamba 1981, bai kai rabin awa ba.

Ka ce ko da kwamfuta aka yi shi. A'a, aikin hannu ne zalla. 'Yartsana ake jerawa, a ɗan motsa hannu ko baki, a ɗauki hoto, a sake motsawa, a sake ɗauka, har hotunan su taru su zama tafiya. Shi ya sa motsinsu yake ɗan tsinkewa. A Japan aka yi wannan aikin, kamar yawancin shirye-shiryensu na 'yartsana.

Labarin kuwa daga tatsuniyoyin ƙasar Ayalan (Ireland) aka ciro shi. Gajerun su ne leprechaun, 'yan aljanu masu ɗinkin takalma da ɓoye zinariya. Tsohuwar ita ce banshee, wadda a asali kukanta ke sanar da mutuwa a gida. A shirin sai aka mai da ita mai farautar zinariya kafin ranar Kirsimeti, kuma wani yaron jirgin ruwa ne ya sake ta da ya tumɓuke bishiyar da ta danne ta.

Ni dai a ganina Kirsimetin manna shi kawai aka yi, labarin zai tsaya ko babu shi. Amma 'yartsanar sun yi kyau, ka neme shi.