'Yan sanda sun harbe ƙanena a Amurka, ina mafita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam Lauya. Daga Maraɗi nake rubuto maka. Ƙanena ya yi shekara tara a jihar New York yana tuƙin tasi. Sati uku da suka wuce 'yan sanda suka tsayar da shi da dare, suka harbe shi a cikin motarsa, ya cika a asibiti washegari. Sun ce wai motar ce ta motsa tana neman take ɗayansu. Abokan zamansa sun ce ko ƙaramar wuƙa ba ya yawo da ita. A can aka yi masa sutura. Ya bar mata da 'ya'ya uku da mahaifiyarmu, duk suna nan gida, kuma shi ke riƙe da su. Takardun zamansa ba su cika ba. Wasu na cewa mu bar wa Allah, don ba a cin galaba a kan ɗan sanda idan baƙar fata aka kashe. Wasu na cewa mu jira mu ga ko gwamnati za ta kama wanda ya yi harbin. Me ya kamata mu yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ya ba Hajiya haƙurin wannan rashi.

Shawara biyun da aka ba ku, ta ƙyalewa da ta jira, duk wuri ɗaya za su kai ku: wa'adin da doka ta ɗiba ya wuce kuna zaune. Kada ku jira. Shari'a biyu ce a nan, kowacce da hanyarta. Ta farko ta laifi ce, wadda ake ɗaure mutum a kanta, kuma tana hannun gwamnati, ba ku da ikon buɗe ta ko rufe ta. Ta biyu ta neman diyya ce, ita ce take hannunku, kuma ba sai an kama ɗan sandan ko an same shi da laifi ba kafin ku shigar da ita.

A kan ta farko, jihar New York ta ɗan fi wasu jihohi. Tun 1 ga Afrilu 2021 doka ta ɗora wa ofishin babban lauyan jihar binciken duk wani kisa da ɗan sanda ya yi, ko mamacin yana da makami ko ba shi da shi. An ƙwace aikin ne daga hannun masu gabatar da ƙara na gundumomi, domin su kullum tare suke aiki da 'yan sandan. Idan ofishin ya ƙi gurfanar da jami'in, tilas ne ya fitar da rahoto a fili ya faɗi dalilinsa, kuma yakan saki bidiyon abin da ya faru. Wannan rahoto zai yi muku amfani. Amma ba zan ɓoye maka ba, ɗaurin ɗan sanda a kan harbi abu ne mai wuyar samu. A Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu suka yi wa Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, harbi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Bronx ta birnin New York, 19 suka same shi, alabe ne kawai a hannunsa. A shekarar 2000 aka wanke su duka huɗun. Ousmane Zongo ɗan Burkina Faso, mai gyaran kayan sassaƙa, an harbe shi a 2003 a wani ɗakin ajiya a Manhattan, cikin birnin New York ɗin. An samu ɗan sandan da laifin kisa ta sakaci, amma ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Mohamed Bah, shi ma ɗan Gini, mahaifiyarsa ce ta kira neman motar asibiti a 2012 don ba ya cikin hayyacinsa, 'yan sanda suka zo suka harbe shi a ɗakinsa a unguwar Harlem ta birnin, kuma ba a gurfanar da kowa ba.

To amma duba ɗaya ɓangaren. Iyalan Diallo sun karɓi dala miliyan 3 a 2004. Iyalan Zongo ma sun karɓi irin wannan adadi daga baya. A 2017 kotun tarayya ta yanke wa mahaifiyar Bah diyyar fiye da dala miliyan 2. Duk baƙaƙen fata ne, duk baƙi ne daga yankinmu. Don haka masu cewa ba a cin galaba sun faɗi rabin magana ne. Bambancin yana wajen nauyin hujja: kafin a ɗaure mutum sai an kawar da duk wani kokwanto, amma a shari'ar diyya ya isa a nuna cewa maganarku ta rinjayi tasu.

Zancen takardun zama kuwa, cire shi daga ranka. Dokar tarayya da ake kai irin wannan ƙara a ƙarƙashinta, wadda lauyoyi ke kira sashe na 1983, an yi ta tun 1871, kuma lafazinta ya haɗa ɗan ƙasa da duk wani mutum da ke cikin ƙasar. Ku ma zamanku a Nijar bai hana ku haƙƙi ba.

Yanzu ga abin da za a auna. Kotun ƙolin Amurka ta ce a shari'ar Garner ta 1985 ba a harbin mutum don kawai yana gudu, sai idan akwai dalilin ganin zai iya kashe wani ko ya yi masa mummunan rauni. A shari'ar Graham ta 1989 ta ƙara da cewa ma'aunin shi ne abin da ɗan sanda mai hankali zai yi a wurin, a lokacin, da abin da ya sani a lokacin. Wannan ma'auni ya daɗe yana fitar da 'yan sanda, domin da zarar jami'i ya ce ya ji tsoron rasa ransa, kotu takan yi jinkirin ƙaryata shi. Shi ya sa kalmar "motar ta motsa" ta fito da wuri a bakinsu. Amma a Mayun 2025 kotun ƙolin ta yanke wani hukunci da ya shafe ku kai tsaye, shari'ar Barnes da Felix. Wani ɗan sanda ne a Texas ya tsayar da mota a kan bashin kuɗin hanya, motar ta fara tafiya, ya ɗare kan dokin ƙofarta, cikin ɗan lokaci ya harbe direban. Ƙananan kotuna suka ce daƙiƙun harbin kaɗai za a duba. Alƙalan kotun ƙoli gaba ɗaya suka ce a'a, sai an duba dukkan abin da ya wakana tun daga farko, suka mayar da shari'ar ƙasa. Saboda haka lauyanku zai bi diddigin tambayoyi irin waɗannan: a kan me aka tsayar da shi? Ina ɗan sandan yake tsaye lokacin da ya harba, gaban motar ko gefenta? Ta ina harsashin ya shiga, ta gilashin gaba ko ta tagar direba? Idan ta gefe ko ta baya ya shiga, to da wuya a ce motar tana kan mai harbin. Rahoton likitan da ya binciki gawa da hotunan motar sukan amsa wannan fiye da bakin kowane shaida.

Ka tambayi zancen launin fata, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Bambancin akwai shi, ba zargi ba ne. Jaridar Washington Post ta fara ƙirga harbin 'yan sanda a 2015, ta samu kusan mutum dubu ake kashewa duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, baƙar fata ya fi farar fata haɗarin mutuwa a haka fiye da ninki biyu. A 2013 wata alƙaliyar tarayya ta yanke cewa tsarin tare mutane a titi ana lalube su a birnin New York ya saɓa wa tsarin mulki. Cikin tarewa miliyan 4.4 da aka yi tsakanin 2004 da 2012, fiye da kashi 80 cikin ɗari baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma an sallame su ba tare da an same su da komai ba. Sai dai abin takaici, kotu ba ta karɓar waɗannan alƙaluma a matsayin hujjar cewa wannan ɗan sanda ya harbi wannan mutum don launinsa. Tana son a nuna niyya: wata kalmar ƙasƙanci da ya furta a bidiyo, saƙonninsa, ko tarihin ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansa. A ganina wannan gurguwar doka ce, domin mai wariya ba ya shelanta ta. Amma da ita za a yi muku shari'a, don haka ginshiƙin ƙararku shi ne cewa harbin ya wuce hankali, zancen wariya kuma a ɗora shi idan hujjarsa ta fito. Hanyar neman hujjar ta buɗe: a Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, wani baƙar fata da ɗan sanda ya kashe, jihar ta soke dokar da ke ɓoye tarihin ladabtar da 'yan sanda.

Akwai wani shinge da za ka ji lauyan yana ambata, wata rigar kariya da kotuna suka ɗinka wa jami'ai: ko ɗan sanda ya keta haƙƙi, ana iya sallamarsa daga ƙarar tarayya idan babu wani hukunci na baya da ya fayyace cewa irin abin da ya yi haramun ne. Shi kuma birnin da ya ɗauke shi aiki, tun hukuncin kotun ƙoli a shari'ar Monell ta 1978, ba a kama shi a dokar tarayya sai an nuna cewa wata manufa ko al'adarsa ce ta jawo ɓarnar. Nan ne dokar jiha take da muhimmanci, domin a ƙarƙashinta ana iya kama birnin kai tsaye da laifin ma'aikacinsa a bakin aiki. Kuma dokar jihar ce mai gajeren wa'adi.

Kafin a kai ƙarar birni ko gunduma a New York, sai an miƙa musu takardar sanarwar da'awa cikin kwana 90. Ga da'awar azabar da ya sha tsakanin harbin da cikawarsa, ku ƙirga daga ranar da abin ya faru, kun ga sati uku sun riga sun tafi. Ga da'awar kisan kansa, kwana 90 ɗin yana farawa ne daga ranar da kotu ta naɗa wakilin gado, kuma dole a shigar da ƙarar cikin shekara biyu da rasuwar. Ƙarar tarayya tana da shekara uku. Kada wannan ya ruɗe ku, mafi gajarta shi za ku riƙe.

Wakilin gadon nan shi kaɗai ke da ikon kai ƙara, ba kai ba, ba shugaban ƙungiyar 'yan gari ba. Kotun gado ta gundumar da ya zauna ce ke naɗa shi, kuma matarsa ce ke kan gaba. Da yake ba 'yar ƙasa ba ce kuma ba a can take ba, za a haɗa ta da wani mazaunin jihar, ko a miƙa wa jami'in gwamnati mai kula da irin wannan gado. Ku yi taka-tsantsan da wanda za ku ba wannan amana.

Ga maganar da na fi so ka zauna da ita tun yanzu, kafin kuɗi su shigo. Dokar New York ba ta biyan baƙin ciki a da'awar kisa, asarar dukiya take aunawa, wato abin da iyali suka rasa na ciyarwa da kulawar uba ga 'ya'yansa. Saboda haka kowace takardar turo kuɗi da ke cikin akwatin matarsa, kowane saƙon WhatsApp da ya ce na turo na makaranta ko na buhun hatsi, hujja ce. Ku tattara su wata-wata, kada a goge komai a waya. Sannan rabon ba a kan ƙa'idar gadon Musulunci kotun za ta yi shi ba. Idan akwai mata da 'ya'ya, su ne masu haƙƙi a dokar jihar. Mahaifiya ba ta ciki, 'yan'uwa ma haka, kuma kason yara ƙanana kotu ce ke tsare shi har su kai shekara 18. Na san wannan zai yi nauyi, tunda a shari'armu uwa tana da sudusi. Ku zauna da matar da malamin da kuka yarda da shi ku fahimci juna a kan Hajiya tun ba a kai ga rabo ba. Masu ganin karɓar kuɗin kamar sayar da jininsa ne, a tuna musu cewa diyya tana cikin Alƙur'ani, kuma haƙƙin marayu ne da ba wanda ya isa ya yafe a madadinsu.

A wannan satin, ku nemi lauya mai lasisin New York wanda aikinsa ke nan, ƙarar 'yan sanda, ba lauyan takardun zama ko na haɗarin mota ba. Irin waɗannan lauyoyi ba sa karɓar kuɗi a gaba, kasonsu yakan kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu, idan ba a samu ba babu ladan aiki. Duk wanda ya ce ku fara turo kuɗin buɗe fayil, ku yi nesa da shi. Aikinsa na farko shi ne rubuta wasiƙar hana goge hujja: bidiyon kyamarar ƙirjin 'yan sandan, na motarsu, rikodin rediyonsu, da motar marigayin kanta. Kyamarorin shaguna da gidajen mai na kusa su ne abin gaggawa, domin da yawansu suna share tsohon hoto da kansu cikin 'yan kwanaki ko makonni. Abokansa da suka san wani abu, musamman marasa takardu, su fara magana da lauyan kafin su yi da ɗan jarida ko mai bincike. Ku daina zuba bayani a Facebook, lauyoyin birni suna karantawa. Kada kowa ya sa hannu a wata takarda da ba a fassara masa ba. Ku sanar da ofishin jakadancin Nijar a rubuce.

Kai kuma naka aikin a nan gida: takardar aure, takardun haihuwar yaran uku daga ma'aikatar magajin gari, da katin shaidar matar. Idan auren a masallaci kawai aka ɗaura ba a yi rajista ba, je kotu tun yanzu a tabbatar da shi da shaidu, don kotun gado ta can ba za ta naɗa ta ba sai ta ga takarda, kuma sai an fassara komai daga Faransanci zuwa Turanci da hatimin mai fassara.