Tsohon soja da kujerar ciyaman

Ɗan'uwa, ka ce kawunka ya yi ritaya daga soja, ana zuga shi ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma, kana tambaya ko tsohon soja na iya siyasar karkara. Na yi aiki a sakatariya ƙarƙashin irinsu biyu, ɗaya kantoma ne da aka naɗo, ɗaya kuma zaɓaɓɓe.

Wajen aiki kam ba su da wasa. Ƙarfe takwas suna ofis, fayil ba ya kwana a tebur, in ɗan kwangila ya ce ya gama rijiyar burtsatse sai sun je sun buga sun ga ruwa kafin a biya shi. Inda suke tuntuɓe shi ne zama da jama'a. Kantoman namu ya taɓa yanke rikicin burtali tsakanin manoma da makiyaya a zama ɗaya, bai kira dagaci ba, bai kira arɗo ba. Hukuncin daidai ne, wallahi, amma damina na faɗuwa aka sake nome burtalin, don babu wanda ya sa baki balle ya tsare shi. Zaɓaɓɓen ya fi shi wayo. Yakan cire takalmi ya zauna a ƙasa gaban hakimi, a sha doguwar gaisuwa kafin a taɓo magana, ba ya rasa jana'iza ko suna. Ransa na ɓaci da jan lokacin, muna gani a fuskarsa, amma yakan daure.

Dubi Murtala Nyako. Sojan ruwa ne, shi ne gwamnan soja na farko a Jihar Neja a 1976, ya zama hafsan hafsoshin sojan ruwa a 1990. Da ya tuɓe kaki sai ya koma Mayo-Belwa ya duƙufa a gonarsa ta Sebore har aka sa masa Baba Mai Mangoro. Ya shekara fiye da goma cikin manoma kafin ya ci gwamnan Adamawa a 2007, kuma wannan zaman ya taimake shi ƙwarai. Duk da haka majalisar dokoki ta tsige shi a 2014, sai a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke tsigewar, bayan wa'adi ya ƙare. A Neja ba shi da majalisar da za ta taka masa burki, a Yola akwai ta. Ciyaman ma da nasa kansiloli, ga gwamna a sama, kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen.

Ka tambayi kawu, cikin ladabi, yaushe rabonsa da yin cikakkiyar damina a gida? In a birni yake zaune, ya dawo tukuna, ya yanki katin jam'iyya a mazaɓarsa, ya riƙa zuwa taro. Kuɗin sallamarsa kuwa kada ya taɓa su saboda masu zuga, don yawancinsu kuɗin suka hango.